Ƙasar Ruma da Marayun da Riƙo Ya Tsallake

Duk wanda ya tashi a ƙasar Katsina ya san cewa idan aka ambaci Ruma, to jarumta ake nufi. A ƙarni na 19, bayan jihadi ya raba gidan sarautar Katsina biyu, tsofaffin sarakuna suka koma Maraɗi, sai wannan yanki na yamma ya zama bakin daga. Ta cikin dajinsa mahara ke ratsowa, kuma a nan Rumawa ke tare su. Sunan Ɗanwaire bai ɓace daga bakin tsofaffi ba har yau, kuma Hakimin Batsari na nan yana riƙe da sarautar Sarkin Ruma, kamar yadda Hakimin Safana ke riƙe da ta Yariman Katsina. Ƙasa ce ta jigawa da duwatsu da fadamu, ƙasar gero da dawa da gyaɗa, wadda rogonta da dankalinta suka yi suna a kasuwannin Katsina da kewaye.

Sai dai tarihi ya sake juyowa ta ƙofar da ya saba shigowa. Dajin Rugu, wanda ya miƙe ta bayan Safana da Batsari da Ɗanmusa har ya tsallaka Zamfara, ya zama mafakar 'yan bindiga. A watan Mayun 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yar Gamji, mutanen yankin suka ɗauko gawarwakin har cikin birnin Katsina domin mahukunta su gani da idonsu. A watan Fabrairun 2020 aka afka wa Tsauwa da Ɗankar, mutum 30 suka rasu. Wata biyu bayan haka, a Afrilu, aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. Waɗannan su ne waɗanda jaridu suka ƙirga. Allah Ya jiƙan su, Ya jiƙan waɗanda ba a ƙirga ba. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta gwada sulhu a 2019 bai ɗore ba, ta Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa a 2023, sannan a 2025 al'ummomin Jibiya da Batsari da wasu maƙwabtansu suka sake zama da mutanen daji. Hanyoyi sun ɗan buɗe, wasu gonakin an koma cikinsu. Amma sulhu, ko da ya ɗore, ba ya mayar wa yaro da ubansa.

Bayan kaka, da sanyin hunturu ya fara sauka, na bi wasu matasa 'yan sa-kai zuwa wannan yanki, muka yi kwana shida tsakanin Batsari da Ruma da Safana. Mu bakwai ne: malaman makaranta biyu, ma'aikacin jinya, kafinta, direba, ni, da wata baiwar Allah likitar gashin ƙashi wadda ta yi karatunta a ƙasar Sin. Ba mu ɗauki buhunan shinkafa ba, domin ba mu da su. Abin da ke cikin motar shi ne katako da ƙusa, da soso na katifa, da littafin rubuta sunaye. Aikin da suka ɗora wa kansu guda ɗaya ne: su nemo marayun da ke da naƙasa, gida-gida, su ga yadda suke rayuwa, su koya wa masu riƙon su abin da zai sauƙaƙa musu.

Daga Katsina zuwa Batsari ba wata tafiya ba ce mai nisa, amma hanya ce da ke sa mutum shiru. Za ka wuce gari mai cike da hayaniya, da tulin rogo a bakin titi da 'yan mata masu tallan gyaɗa, can gaba kaɗan sai ka ga kufai, katangu sun zube, ƙofofi a wangale, rumbuna sun yi baƙi da tsohuwar gobara. A cikin garin Batsari kuwa mutane sun yi yawa fiye da gidajen. Waɗanda suka kwana a azuzuwan firamare a shekarun da abin ya yi tsanani, da yawansu sun watsu cikin unguwanni, wasu a zaurukan dangi, wasu a kangayen da ba a gama ginawa ba. Saboda haka mai neman marayu a nan ba zai same su a wani gida mai allo a ƙofa ba. Suna cikin mutane.

Wannan kuwa shi ne al'adarmu tun fil azal. Bahaushe bai san gidan marayu ba, riƙo ya sani. Idan magidanci ya rasu, bayan sadakar bakwai ko ta arba'in dangi kan zauna a raba 'ya'ya: baffa ya ɗauki wannan, gwaggo ta ɗauki waccan, kawu ya tafi da ƙaramin. Yaro na nan da sunan ubansa da gadonsa da danginsa, kamar yadda Musulunci ya tsara. Ɗa na kowa ne, in ji masu iya magana. To amma mai karatu ya tsaya ya dubi wannan rabo da kyau. Yaro mai ƙarfi zai yi noma da kiwo, yarinya mai lafiya za ta yi aikace-aikacen gida, wata rana a aurar da ita. Wanda ba ya tafiya, ko ba ya ji, ko yake faɗuwa da farfaɗiya, shi ne ake yin shiru idan an zo kansa. A ƙarshe yakan faɗa hannun wadda ba ta iya cewa a'a, wato kakarsa, wadda ita kanta mai neman a riƙe ta ce. A da, gandu na ɗauke wannan nauyi, domin rumbu ɗaya ne ke ciyar da mutum talatin. Yanzu an ƙone rumbun, an kore shanun, an sayar da gonar an biya kuɗin fansa.

A Ruma muka sami irin wannan gida. Tsohuwa ce da ta haura saba'in, tana zaune da jikanta ɗan kimanin shekara takwas. An kashe uban a gona, uwar kuma ta sake aure a wani gari, mijin bai yarda ta zo da shi ba. Yaron na kwance a kan tabarma a lungun ɗaki, hannuwansa a dunƙule, ƙafafunsa a harɗe, idanunsa kuwa garau, suna bin duk wanda ya motsa. Likitar ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, “Inna, yaya aka yi ya zama haka?” Tsohuwar ta ce, “Ɗiyata, tun yana kwana huɗu idonshi ya yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, aka yi ta ba shi jiƙo. Da ya shekara bai zauna ba, sai aka ce iska ce ta taɓa shi.” Likitar ba ta yi mata gardama ba. Ta tambaye ta yadda take ba shi abinci. Tsohuwar ta nuna: a kwance, ta ɗaga haɓarsa, ta ɗura masa kunu mai ruwa-ruwa. Ta ce kullum sai ya ƙware, kuma tari ba ya barin sa.

A hanya likitar ta yi mana bayani. Shawarar jarirai, idan ta yi tsanani ba a sa jariri a ƙarƙashin fitilar asibiti ba cikin kwanakin farko, tana lalata wani sashe na ƙwaƙwalwa, haka ma doguwar naƙuda idan jariri ya daɗe bai yi numfashi ba. Abin da ya lalace ba ya dawowa, amma sau da yawa hankalin yaron na nan, jikin ne ba ya bin umarni. Abin da ke kashe irin waɗannan yara kuwa ba naƙasar ba ce, abinci ne da ke bin hanyar numfashi ya sauka a huhu, da yunwa, da gyambon kwanciya. A ranar kafinta ya haɗa kujera mai jingina da madafa a gefe da gefe, aka lulluɓe ta da soso. Aka zaunar da yaron, aka dama kunu mai kauri, aka ba shi da ƙaramin cokali, kansa a ɗan sunkuye. Ya sha rabin kofi bai ƙware ba. Daga kan kujerar ya hango tsakar gida, da awaki, da yara masu wasan langa a ƙofa. Tsohuwar ta daɗe tana kallon sa, sannan ta ce, “Ashe yana dariya.”

Da dare, a gidan da aka sauke mu, na tambayi likitar inda ta koyi wannan. Ta ce ba a aji ba. A shekarunta na karatu a wani birni na arewacin ƙasar Sin, takan je aikin sa-kai duk ƙarshen mako a wani gida da ake renon marayu masu naƙasa. Matan da ke kula da yaran, waɗanda Sinawa ke kira ayi, wato kamar mu ce inna ko gwaggo, su ne malamanta. Yawancinsu matan karkara ne da ba su yi karatu mai zurfi ba, amma kowace tana da yaranta uku ko huɗu da ba a sauya mata, ta san kukan kowanne. Ta ce da farko sun hana ta ɗaukar kowane yaro, sai wanke-wanke da shanya, har sai da suka ga ta yi wata uku ba ta fasa zuwa ba. Ranar bikin sabuwar shekararsu, wanda suke kira Bikin Bazara, aka manna jajayen takardu a ƙofofi, aka sa wa kowane yaro sabuwar riga, aka ba shi jan ambulan da 'yan kuɗi a ciki, tamkar goron sallarmu. Ta ce a ranar ta gane cewa abin da matan nan ke ƙoƙarin ginawa ba asibiti ba ne, gida ne.

Ƙasar Sin ba ta kai ga wannan fahimta cikin sauƙi ba. Dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta fara aiki wajen 1980 ta ƙare a ƙarshen 2015, ta haɗu da tsohuwar al'adar fifita ɗa namiji mai ɗaukar sunan gida da kula da iyaye a tsufansu, sai gidajen marayu suka cika da jarirai mata da masu naƙasa. A 1995 wani fim na gaskiya da aka nuna a talabijin na Ingila ya fallasa halin da wasu daga cikin gidajen ke ciki, duniya ta girgiza. Daga 1992 ƙasar ta buɗe ƙofa ga baƙi masu son ɗaukar yara, aka fitar da fiye da 160,000, kusan rabinsu zuwa Amurka, kafin a rufe wannan ƙofa a 2024. A 2011 aka fara gina wasu ƙananan ɗakuna a birnin Shijiazhuang inda iyaye za su ajiye jariri a ɓoye maimakon su yar da shi a titi. Da aka buɗe irin wannan ɗaki a Guangzhou a farkon 2014, cikin ƙasa da wata biyu aka ajiye yara 262, dukkansu masu ciwo ko naƙasa, dole aka dakatar da shi. Darasin a fili yake: iyaye ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba, nauyin jinya ne ya fi ƙarfinsu.

Daga nan ne hukumomin ƙasar suka karkata. A 2004 suka ƙaddamar da shirin yi wa marayu masu naƙasa tiyata kyauta. A 2010 aka sanya wa kowane maraya kuɗin ciyarwa na wata-wata, har da wanda ke zaune a hannun dangi. Daga farkon 2020 kuma aka shigar da yaran da iyayensu ke raye amma ba sa iya riƙe su, saboda ɗauri ko ciwo mai tsanani ko ɓacewa. Wannan na ƙarshe ya tsaya mini a rai, domin a ƙasar Ruma akwai yaran da ba a san ko marayu ba ne: an tafi da uban daji shekara uku, ba gawa, ba labari. Bincike ma ya goyi bayan wannan hanya. Wanda aka fara a Bukares ta ƙasar Romaniya a shekarar 2000 ya nuna cewa yaran da aka fitar daga gidajen marayu aka ba iyalai riƙo, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari ci gaban ƙwaƙwalwa da natsuwar zuciya. Ke nan abin da manyan ƙasashe suka kashe shekaru da dukiya kafin su gano, shi ne abin da kakanninmu suka bar mana. Riƙo muke da shi. Abin da ya rasa shi ne mai tallafa masa.

A Safana muka ga wani fannin. Yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya, sanƙarau ya tafi da jinta tana ƙarama. Daren da aka shiga ƙauyensu kowa ya ji harbi ya gudu, ita ba ta ji ba. Da gari ya waye aka same ta a ɗaki, ita kaɗai, uban kuwa an same shi a bakin ƙofa, domin dawowa ya yi ɗaukar ta. Yanzu tana hannun baffanta, mutumin kirki mai 'ya'ya tara. Ya ce mana, “Malam, ba ta da matsala, ba ta magana, ba ta rigima.” Ɗaya daga cikin malaman da muke tare da su ya iya maganar hannu. Ya zauna gabanta ya fara da sunayen abubuwa: ruwa, akuya, uwa. Ba a yi rabin awa ba hannuwanta suka buɗe, ta shiga ba da labari da alamun da ta ƙirƙira da kanta, tana nuna wuta, tana nuna mutum a kwance. Shekara huɗu tana ɗauke da wannan dare a ƙirjinta, babu wanda ya tambaye ta. Jihar Katsina na da makarantar kurame a Malumfashi da ta makafi a cikin birni, amma baffan bai taɓa jin labarinsu ba, kuma ko ya ji, kuɗin mota da na sabulu da tsoron hanya sun ishe shi dalili.

Haka muka riƙa cin karo da abubuwan da ilimi kaɗan zai gyara. Yaro mai farfaɗiya da aka ware masa kwano saboda an ɗauka yawunsa na yaɗa ciwon, alhali ba ya yaɗuwa, kuma akwai ƙwayoyi masu sauƙin kuɗi da ke tsayar da faɗuwar idan ana sha kullum. Ma'aikacin jinyarmu ya yi ta maimaita wa iyaye: idan ta tashi, a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. Ga kuma yunwa, wadda ta fi kama wanda ba ya iya miƙa hannu cikin kwano. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa a wata shidan farko na 2025. Waɗannan su ne aka iya kai wa asibiti. Yaron da sai an goya shi, kuma mai goyon tsohuwa ce, da wuya ya shiga wannan lissafi.

A nan ne nake son mu yi wa kanmu gaskiya game da aikin sa-kai. Mun saba da zuwan rana ɗaya: a tara marayu a fili cikin rana, a jera su bayan buhuna, a ɗauki hoto, a sa a Facebook, a tafi. Ba na raina buhun shinkafa, mai jin yunwa ya san darajarsa. Amma maraya mai naƙasa ba ya zuwa filin, domin babu mai ɗauko shi, kuma wanda ya zo an saya masa abincin mako guda da mutuncinsa. Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A Disambar 2019 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri kan yaran da ba su da kulawar iyaye, wanda ya ja hankalin ƙasashe kan illar mayar da gidajen marayu wurin yawon buɗe ido da sunan taimako. Yaron da ya rasa uwa da uba, idan kowane mako wata sabuwar fuska ta rungume shi ta tafi, rashin ake sabunta masa. Hikimar matan nan na ƙasar Sin da suka sa baƙuwa wanke-wanke wata uku ke nan. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar da ta zo sau ɗaya ba ta yi zumunci ba. Shi ya sa matasan da na bi ba su yi wa kowane yaro alkawari ba. A kowane gari sun nemi mace ɗaya ko biyu daga cikin unguwa, ungozoma ko malamar Islamiyya, suka koya mata, suka bar mata lambar waya, suka sa ranar dawowa.

Abin da ya rage ya fi ƙarfin mutum bakwai da katako. Tun Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, aka kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020, amma doka ba ta san yaron da ba a rubuta sunansa ba. Matakin farko shi ne ƙidaya, kuma masu unguwanni da dagatai, a ƙarƙashin Sarkin Ruma da Yariman Katsina, za su iya yin ta cikin wata guda, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, duk wani tallafi na gwamnati ko zakka ko waƙafi a ware wani kaso a miƙa shi kai-tsaye, wata-wata, ga hannun da ke riƙe da maraya mai naƙasa, ko da kaɗan ne, muddin ba ya yankewa. Na uku, asibitocin Batsari da Safana su sami mai gashin ƙashi ko da sau ɗaya a mako, da fitilar shawara da ke aiki, da maganin farfaɗiya da ba ya ƙarewa. Na huɗu, 'yan majalisar da ke wakiltar Batsari da Safana da Ɗanmusa su ɗauki nauyin kai kurame da makafin yankin makarantunsu. Na biyar kuma namu ne: limamai su faɗa a kan mumbari cewa ladan riƙon maraya bai ware gurgu ko bebe ba, kuma mai auren bazawara ya san cewa ɗanta mara lafiya amana ce da ta shigo gidansa tare da ita.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya ne, kakansa ya riƙe shi, sannan baffansa. Al'ummar da ke alfahari da wannan tarihi ba ta da hujjar barin tsohuwa ita kaɗai da yaron da ba ya tafiya. Rumawan da suka gabata sun yi suna ne domin sun tsaya a bakin daga sun kare waɗanda ba su iya kare kansu. Bakin dagar yau yana cikin lungun ɗaki, a kan tabarma, kuma ba ya bukatar doki ko mashi, sai mai zuwa ya sake dawowa. Allah Ya zaunar da ƙasar Ruma lafiya, Ya raya marayunta, Ya ba mu ikon sauke hakkinsu.